Yaron Bencin Baya

Ina da shekara goma sha tara aka tura ni koyarwa Kalgo daga garinmu Gwandu, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Na je da farar riga da bulala da girman kai. A ganina a lokacin, duk wanda bai gane karatuna ba kansa ne babu komai.

Aji huɗu aka ba ni. Na jera yaran yadda aka koya mana, gajeru a gaba, dogaye a baya. Wanda ya fi kowa tsawo wani yaro ne daga Diggi da ke zaune wurin goggonsa a cikin gari, don haka bencin ƙarshe ya samu, jikin bango. In na yi tambaya da baki, kafin in rufe baki ya amsa. Amma in na rubuta lissafi a allo na ce a kwafa, sai ya kawo mini shirme, uku ta koma takwas, wani layin ma ya ɓace. Ga shi kullum yana tsuke ido yana kallona. Na ɗauka harara ce. Na dake shi ba sau ɗaya ba.

Ƙarshen shekara malamin duba makarantu ya zo a kan keke, don ya tantance waɗanda za su wuce babbar firamare a Birnin Kebbi. Wanda bai shiga ba, karatunsa ya ƙare ke nan, sai gona. Ya cika allo da tambayoyi, kowa ya amsa daga mazauninsa. Da ya zo kan takardar yaron sai ya daɗe yana dubawa.

"Hanyar aikin daidai ce," in ji shi, "amma lambobin ba nawa ba ne. Yaya yake a aji?"

Da na ce ban sani ba, da ya bincika. Amma ina! Ni da ba na son a ga gazawata, sai na ce, "Ranka ya daɗe, taurin kai gare shi, ba ya mai da hankali." Ya ja layi a kan sunan.

Bayan kwana uku uban ya zo ɗaukarsa, tare da goggon. Ya gaishe ni, ya yi godiya, muka taɓa hirar damina. Ko sunan yaron bai ambata ba. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya tsaya gaban mutane yana yi masa magana. Goggon ce ta kasa haƙuri.

"Malam, wanga yaro fa bai hangen nesa. Ko tsaron tsuntsaye ba a ba shi gonar shinkafa, sai sun sauka shika ganinsu. Diggi kowa ya sani."

"Don me ba ku gaya mini ba?"

"Ubanai kunya ta hana shi. Ni ko mace, mi za ni gaya ma malam? Mun ɗauka kun sani, tunda ku ad da ilimi."

Na roƙe su su jira ni kwana ɗaya, na ari keke na tafi Birnin Kebbi. Aka ce an riga an rufe sunaye, baɗi kuma yaron ya yi girma da shiga. Na yi magiya har aka fara yi mini kallon mahaukaci.

Da na dawo na kira yaron ajin, babu kowa. Na rubuta lissafi, na tsayar da shi a bencinsa, na ce ya matso har sai ya iya karantawa. Ya yi ta matsowa, ya wuce benci bayan benci, sai da ya rage taku uku tsakaninsa da allo. Nan ya karanta, ya ba ni amsa daidai tun ban ba shi alli ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Ya juya ya dubi inda ya shekara yana zaune. Babu fushi a muryarsa, tambaya ce kawai.

"Malam, ashe sauran suna ganin abin da kaka rubutawa tun daga can?"