Jar Masarar da Na Daka

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubuta mini. A Salaga aka haife ni, gidan fataken goro, inda aka saba mu ne masu bayarwa. Aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Bawku, bakin kogi. A shekarar da zan ba ku labari maigidana ya riga ya rasu, 'yata tana neman kuɗi a Yendi, ta bar mini ɗiyarta ƙarama. Gonarmu ta masara a fadama take.

Da rana tsaka ambaliyar ruwa ta zo, sama tas, ko gajimare babu. Aka ce madatsar ruwa aka buɗe can ƙetaren iyaka. Na tsaya kan tudu ina kallon kogi yana shiga gonaki a hankali, ba hayaniya, har ya shafe kan masarar da ta fi ni tsayi. Ban yi kuka ba. Salati kawai bakina yake yi.

Da ruwa ya janye, gwamnati ta aiko wa manoma tallafi. Kunya ta kama ni, wai jikar fatake a layin karɓa. Na ja mayafi na rufe fuska, aka miƙo mini buhuna, na juya tun ma'aikacin bai fara bayani ba. Maƙwabciyata 'yar ƙabilar Kusasi ta ce in tsaya in ji abin da mutumin zai faɗa, na ce mata ba yau na fara ganin masara ba. A gida na kwance buhu, sai ga ƙwaya ja wur. Na ce a raina shaida ce gwamnati ta sa don kada a kai kasuwa. Na wanke ta a bayan ɗaki har ruwan ya yi fari, na shanya. Ban kai injin niƙa ba don kada a gan ni. Da hannuna na daka, da hannuna na tuƙa tuwon. Ranar ina azumin nafila, yarinyar ce kaɗai ta ci.

Kafin la'asar sai amai, jiki na karkarwa, idanu sun juye. Maƙwabciyar nan da na gwasale ita ta goya ta har bakin titi, ta tsayar mana da babur mai ƙafa uku. A asibiti nas ta tambayi abin da ta ci. Da na faɗa, ta dafe ƙirji, ta ce iri ne na shuka, an cuɗe shi da maganin ƙwari, wanki ba ya fitar da shi, kuma abin da ma'aikacin ya tsaya faɗa wa mutane ke nan. Na zauna ƙasa ina tunanin bakin da zan gaya wa uwarta da shi. Allah Ya ji ƙaina. Da yarinyar ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne tuwon Kaka ɗaci gare shi.

Bayan mun koma gida na tarar ƙwayoyin da suka zube inda na yi wanki sun tsiro cikin laka, kore shar, ba wanda ya shuka su. Na daɗe a tsaye ina tasbihi. Abin da ya kusa kashe mini jika a tukunya, ga shi a ƙasa yana neman ciyar da ita.

'Yan'uwana mata, idan an ba ku abu, ku tsaya ku ji bayani. Wadda ba ta iya karanta buhu ba, ta tambaya. Kunyar layi ta wuni ɗaya ce. Ni kuwa har yau, in na ɗaga taɓarya, sai na duba launin abin da ke cikin turmi.