Kwanciyar Gawa a Tsohuwar Masaƙa

Shekarar da bayana ya ƙi ni, ina aiki ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Aikina in tsaya gaban inji, in ya tofo bokiti in sunkuya in ɗauka, in kankare bakinsa, in jera. Haka tun safe har la'asar sakaliya. Da farko ƙugu ne ke riƙewa, daga baya ciwon ya gangaro har ƙafar hagu. Na sha ƙwayoyin kemis, na je an yi mini ƙaho, ba abin da ya sauya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Ban kai hamsin ba, amma a zaune nake yin ta a ƙarshen sahu, kusa da tsofaffi.

A bayan kamfaninmu akwai wata masaƙa da aka rufe tun kafin in zo Kano. Katangar da ta raba mu ta zube a gefe guda, amma ba mai ƙetarawa. Wani abokin aikina, mutumin Nijar da ke loda kaya, ya rantse mana cewa ya taɓa leƙawa da tsakar rana ya ga mutum tsaye a ƙafa ɗaya, hannuwa sama, ko motsi ba ya yi. Muka yi masa dariya, amma daga ranar in zan wuce wurin sai na yi addu'a.

Wata Talata aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi, aka ce mu jira. Ciwon bayan ya matsa mini, ina neman siminti mai sanyi in miƙe, ko'ina mutane. Ban san lokacin da na tsallaka katangar ba.

Ciki duhu-duhu ne, sai hasken da ke zubowa ta hujojin kwano. Injunan saƙa a jere layi-layi, an lulluɓe wasu da buhuna, burbushin auduga ya yi musu gashi. Ko kukan tsuntsu babu. Ina jin takuna yana dawo mini daga can ƙarshen ɗakin. A tsakanin layi biyu na gan shi: mutum kwance rigingine a kan kwali, ƙafafu a ware, tafin hannu na kallon sama, baki a ɗan buɗe. Na yi salati da ƙarfi.

Gawar ta buɗe ido ta ce, "Malam, lafiya?"

Tsohon da ke gyara mana wuta ne, Kirista mutumin Filato, wanda kowa ke kira Baba. Ya tashi zaune ba tare da ya dafa ƙasa ba, abin da ni na kasa tun bara.

Na ce, "Baba, me kuke yi a nan? Wallahi na ɗauka kun cika."

Ya yi dariya. Ya ce a masaƙar nan ya fara aiki yana saurayi. A lokacin akwai wani injiniya Ba'indiye da ya ga yana tafiya a karkace, ya koya masa wannan motsa jiki, ya ce sunansa yoga. Tun daga nan bai bari ba, kuma nan ne kawai ba mai damunsa.

"Na ga yadda kake tafiya," in ji shi. "Ka zo gobe lokacin hutu."

Na ce, "Ba bautarsu ba ce?"

"Ni ma cocina nake zuwa. Ban taɓa kiran sunan wani abu ba. Amma ka tambayi malaminka, kada ka yi da shakka."

Na tambayi limamin unguwarmu a Na'ibawa. Ya ce akwai kiran wani ba Allah ba? Na ce babu. Akwai sujada ga rana ko wani abu? Na ce an ce babu. Ya ce to in je in gani da idona, in miƙa ce da numfashi kawai, ba ta da bambanci da tausa.

Ranar farko na ji kunya ƙwarai. Ga ni magidanci da 'ya'ya huɗu, na durƙusa a kan hannu da gwiwa, ina gantsarewa ina ƙudundunewa kamar kyanwa. Baba na cewa, "A hankali. Ja iska ta hanci. Kada ka yi kokawa da shi, ba buhu ba ne." Sai a ranar na gane rabin numfashi nake yi, kuma kafaɗuna kullum a ɗage suke kamar mai jiran duka. Daga ƙarshe ya ce in kwanta yadda na same shi, in rufe ido, in saki komai. Ya ce Ba'indiyen ma kwanciyar gawa yake kiranta.

Na kwanta. Sanyin simintin ya ratso kwalin. Na ji bugun zuciyata, na ji numfashin Baba a gefena. Can sai na fara jin wani abu daga ƙarshen ɗakin, ƙasa-ƙasa: ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, da sauri, kamar katako na bugun katako. Wani ya amsa daga dama. Kafin in ankara duk ɗakin ya ɗauka, har ina jin ƙasa na rawa a ƙashin bayana.

Na zabura na tashi. Shiru. Injunan na nan da buhunansu, ko zare ɗaya bai motsa ba.

Baba bai buɗe ido ba ya ce, "Me ka ji?"

"Inji."

"Injinku ne a kunnenka. Shekara nawa kana tsaye a gabansa? Sai mutum ya yi shiru yake sanin abin da yake ɗauke da shi."

Na ce, "Namu huci yake yi, sannan ya buga sau ɗaya. Wannan ba haka yake ba." Na kwaikwaya masa da yatsu a kan kwalin.

Sai ya buɗe ido ya dube ni. Sannan ya tambaya ko na taɓa shiga masaƙa tana aiki. Na ce ko sau ɗaya.

"Haka injunan saƙa suke yi," in ji shi. Ya naɗe kwalinsa. "In ka sake ji, kada ka bi shi. Ka koma kan numfashinka."

Kwana uku ban koma ba. Abin da ya mayar da ni shi ne, a kwana ukun nan na yi barcin da na manta irinsa. Na koma, na ci gaba da zuwa kowane hutun rana. Wani lokaci ƙarar takan zo, wani lokaci sai a yi mako ba ta zo ba. In ta zo, sai in ƙirga numfashina har ta janye can baya. Ban sake yi wa Baba maganar ba, shi ma bai tambaya ba.

Ciwon bai tafi rana ɗaya ba. Sai da damina ta wuce na lura na daina dafa bango in zan saka wando. Ƙwayoyin suka zauna a aljihu har suka narke. Maiɗakina ce ta fara cewa na rage faɗa, wai da ko yaro ya yar da cokali sai na daka tsawa. Wata Juma'a kuma na shiga tsakiyar sahu, na yi ruku'u bayana a shimfiɗe, na ɗago ba wanda ya kalle ni.

Da Baba ya ajiye aiki ya koma gida, mu uku ne ke zuwa: ni, da wani direban tirela ɗan Jigawa da wuyansa ya sandare, da mutumin Nijar ɗin nan, wanda sai da na ja hannunsa ya yarda ya tsallaka katangar. Komai yana yi da kyau, har tsayuwar ƙafa ɗaya da ta taɓa firgita shi. Amma ranar da ya fara kwanciyar ƙarshe, ko minti biyar ba a yi ba ya tashi zaune yana waige-waige.

Ya ce, "Wa ya wuce ta kaina yanzu?"

Muka ce ba kowa.

"Mace ce. Na ji ƙarar silifas ɗinta."

Bai daina zuwa ba, don shi ma ƙugunsa ya samu sauƙi. Sai dai in mun kwanta, shi yakan jingina da ƙafar inji, idonsa biyu, ya ce mu yi, zai duba mana.

Daga baya aka sayar da wurin za a mai da shi sito. 'Yan gwangwan suka zo da wutar yankan ƙarfe, cikin mako biyu suka kwashe injunan kaf. Muka koma yi a bayan ɗakin janareto, a fili, inda leburori ke tsayawa suna mana dariya. Biyu daga cikin masu dariyar yanzu da kwalinsu suke zuwa.