Azumin Baba a Kwazazzabo

Ƙaras-ƙaras ɗin da gorar roba ke yi idan an matse ta babu ruwa a ciki, shi ke maido mini da ranar nan duk inda na ji shi. Ko me zan manta a duniya, ban da ita.

Shekarar da na gama jami'a ce. Baba ya tambaye ni kyautar da nake so, na ce a kai ni wani kwazazzabo da ke cikin gandun dajin gwamnati a Arizona, wanda na daɗe ina kallon hotunansa ina rubuta masa waƙoƙi. Baba direban tasi ne a Washington, haifaffen garin Tawa. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Uwata, duwatsun da na gudo na bari, su za ki sa ni hawa jirgi in je gani?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya iya ce mini a'a. Muka rufe gidanmu na Hyattsville da ke gefen Washington, ni da shi da Mama.

Ranar Alhamis muka je wurin. Mama ta ɗaga kai ta dubi hanyar da ta hau tsauni, ta ce gwiwarta ta ƙoshi da kallo, ta zauna a rumfar da ke kusa da mota. Ni da Baba muka kama hanyar wata magangarar ruwa da na gani a hoto. Ni na shirya jaka: littafin rubutu, biro uku, gorar ruwa babba da ƙarama.

Wurin ya fi hotonsa kyau. Jajayen duwatsu ta ko'ina, ga dogayen itatuwan ƙaya sun ɗaga hannuwa sama kamar masu addu'a. Da azahar ta yi, Baba ya buga tafukansa a kan dutse ya yi taimama. Ni kuwa sai na ga wuri mai kyau haka ya cancanci cikakkiyar alwala. Na buɗe babbar gorar, na wanke komai sau uku-uku.

"Uwata, ruwan nan fa?"

"Akwai a gaba, Baba. Na gani a hoto."

Muka ci gaba da tafiya. Da muka isa magangarar, ko laima babu. Ashe hoton na damina ne.

A hanyar dawowa rana ta tsaya a kanmu. Kaina ya fara sarawa, harshena ya zama kamar tsumma. Rabin ƙaramar gora ya rage mana, ga tafiya da sauran nisa. Na kurɓa na miƙa masa.

"Sha abinki. Ina azumi."

"Azumi kuma, Baba? A tafiya?"

"Yau ba Alhamis ba ce?"

Na yarda, don yakan yi. Ya karɓi gorar ya kafa doka: cikin murfi ɗaya duk inda muka sami inuwa, ba magana, ba waƙa. Haka ya riƙa auna mini, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, ni kuma ina mamakin ƙarfin imaninsa. Da ruwan ya ƙare na ci gaba da matsa gorar a hannuna, ban san dalili ba.

Bayan la'asar muka iso. Mama ta ba ni ruwan sanyi na shanye a tsaye. Ta miƙa wa Baba, na yi wuf na riƙe hannunta.

"Mama, azumi fa yake yi!"

Ta dube shi. Shi kuma ya dubi duwatsu.

"To. Allah ya karɓa, Malam."

Ya ce amin, ya ce bari ya je ya duba tayar baya.

Tun daga ranar na koyi cewa son wuri ba ya maye gurbin shiri, kuma sakacin mutum ba kullum shi yake jin ƙishinsa ba. Yanzu ruwa nake fara sawa a jaka, littafi ya biyo baya in da wuri.

Sai bayan shekaru, muna yanka alayyafo da Mama, nake yabon azumin nan na Baba. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Azumin wa? Ƙwai huɗu ya ci a otal kina waje kina kallon fitowar rana. Tayar nan da ya je dubawa kuma, gora biyu ya shanye a bayan mota."