Jirgin da Baba Ya Jefa da Hagu

A shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Tsohon makanikin jirgin sama ne. Tun ina ƙarama yakan haɗa ɗan jirgi da sillen kara da takarda, bayan la'asar mu tafi filin makarantar da ke bayan gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi ya jefa.

A bayan kowane fiffike akwai ɗan leɓe mai ɗagawa da sauka, shi ke juya jirgi. Baba a jikin fiffiken yake yanka nasa, ya kwanta lif. Irin wanda ake ratayawa daban a ƙasa, da 'yar tazara, raina shi yake yi.

"Jan iska kawai yake, ya cinye gudu," in ji shi. "Amfaninsa ɗaya, yana riƙe jirgi idan yana tafiya a hankali. To wa ke son tafiya a hankali?"

Da ya fara samun sauƙi, sai ya gwada jifa da hagu a tsakar gida. Hannun ba ƙarfi, jirgin ya kifa da hanci a gaban murhu. Ya shige ɗaki, ko ƙofar gida ya daina leƙawa. Inna ta ce a ƙyale shi. Ni da kafiyata, ina zan iya? Tsoro nake ji kada zaman ɗakin ya ƙarasa mana shi.

Na haɗa jirgi da leɓen a rataye, na ɗaure da zaren ɗinkin Inna. Wallahi mummuna ne. Haka na kai masa.

Ya jujjuya shi, ya harare ni. "Ke, wa ya koya miki wannan shirmen?"

"Kai mana, Baba. In shirme ne, fito ka nuna min."

Haushi ne ya fito da shi, na sani. Muka taka har filin, yana jan ƙafa yana dogara sanda, ina riƙe da gwiwar hannunsa. Ya jefa da hagu, jifan da bai taka kara ya karya ba. Jirgin bai kifa ba. Ya tafi sannu-sannu kamar tsohuwa za ta unguwa, har ya sauka gindin katanga. Ni dai hawaye suka ƙwace min.

Baba ya daɗe yana kallon wajen.

"Ba shi da gudu," ya ce. Sannan ya zungure ni da sandarsa. "Me kike jira? Ɗauko min in sake."