Gambo, Wanda Ya Zuba Taurari a Rumbu

Kullum da hantsi Gambo yakan buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Madarumfa, ya shimfiɗa buhu, ya jera rediyoyin mutane, ya tura ƙarfen liƙi cikin garwashi. A da, kunne yake karawa a jikin rediyo ya gane ciwonta. Yanzu tafin hannu yake ɗora mata, domin kunnen ya tafi. Kowa ya san shi da gyara, amma kaɗan ne suka san shi ya ɗauki sabon kaset ɗin su Salim, wanda ya fito bana, ya kuma mutu bana.

Salim ɗan garin nan ne, mai kaɗa gitar lantarki. Shi da abokansa sun tsara wani irin kiɗa da ba na biki ba, ba na rawa ba. Dogayen waƙoƙi ne a kan wani masunci da kwalekwalensa ya tashi daga tafki ya shige cikin taurari. So suke gitar ta riƙa kuka tana juyawa, har mai sauraro ya ji jiri na ɗibarsa. Masu ɗaukar sauti na birni suka ce ba su da na'urar wannan hauka. Gambo ya ce su zo.

A lokacin, sanƙarau ɗin da ya kwantar da shi bara ya riga ya cinye masa kunnen hagu, na dama kuma sai ƙugi. Likita ya gargaɗe shi da ya nisanci ƙara. Ya san ɗan jin da ya rage masa ba shi da yawa, ya zaɓi ya ƙarar da shi a kan kiɗan samarin nan.

Ya loda batirin mota da kayan ɗaukar sauti a amalanken jaki, suka nufi Safo, gidan Arziki, manomi mai bin addinin kakanni, wanda damina ta bar masa rumbun ƙasa wayam. Gambo ya zura amsa-kuwwa cikin rumbun, ya rataye abin ɗaukar murya a bakinsa. Da Salim ya taɓa gitar, sai sautin ya riƙa zagaya bango yana dawowa, yana nisa kamar zai ɓace, yana sake tasowa. Matan gidan suka ajiye taɓare.

"Baba Gambo, rage ƙarar nan, kunnenka!" in ji Salim.

"Kaɗa dai, ɗana," ya ce. "In na rage, ba ni jin shi."

Arziki ya leƙa ciki ya girgiza kai. "Wanga rumbu bai taɓa cika kamar yau ba. Sai dai ba a tuwo da shi."

Kai ne ka tsaya da kanka a bakin rumbun har aka gama, Gambo, sarkin haƙuri. Kai ne ka dawo gida matarka Saratu na yi maka sannu da zuwa, kana kallon bakinta kawai.

Suka kai uwar kaset ɗin, wato na asali, garin Ɗan Issa, wurin Bala mai buga kaset yana sayar wa direbobi. Kafin kasuwa ta zagayo, direbobin suka fara dawo da shi. A ƙasar nan, wanda duk ya ji sauti na lilo ya san ko pil, wato batiri, ya yi sanyi, ko kaset ya sha rana.

"Ungo kayanka, Bala! Lalatacce ka ba mu."

Bala ba mugu ba ne. Kunya ta kama shi, ya ba kowa haƙuri, ya tattara kaset ɗin duka ya ɗora waƙoƙin biki a kansu. Har uwar ya haɗa, don a ganinsa daga ita matsalar ta taso. Abin da Gambo ya ba da kunnensa don a samu, shi aka ɗauka lalacewa. Wallahi abin na ci mini rai.

Guda ɗaya ya tsira, wanda aka ba Arziki tukuici. Kwanan baya ya kawo shi rumfar, aka sa a rediyo, mutane suka taru. Gambo ya runtse ido, yana gyaɗa kai a hankali. Kaset ya kai ƙarshe, ya tsaya ƙas. Shi kuwa bai daina gyaɗa kai ba. Salim ya miƙa hannu zai taɓa shi, Arziki ya riƙe hannun.

Mun gode, Gambo. Ba mu da abin da za mu mayar maka da shi. Ku kuma masu sana'a, in yaranmu suka zo muku da abin da kunnenku bai saba ba, ku ce su zo, kamar yadda ya ce. Sauran mu kuwa, kaset ɗin yana Safo. Mu je mu saurara, tunda mu muna da kunnen.