Littafin da Muka Faro ta Ƙarshe

Wata Laraba da marece, bayan girbin geron shekarar da na shiga aji uku a lakol, wato makarantar boko, mun cika tsakar gidan maƙwabcinmu a Agiye muna kallon tele mai batir. Wasan zane ne na Japan da aka juya zuwa Faransanci, labarin wasu yara ƴan ƙwallo. Ranar ce mai tsaron gidansu ya yi tsalle ya faɗi, ƙafarsa ta karye, aka fita da shi a kwance. Da mako ya zagayo na yi surfe da ɗiban ruwa a gurguje, na zo na tarar an mayar da labarin farko. Ashe iyakar abin da ya iso ƙasarmu ke nan. Na ji haushi har na ƙi cin tuwo.

Wanda abin ya fi ci shi ne ƙanena Sani. A watan ne ya faɗo daga amalanke, maɗori ya ɗaure masa ƙafa da kara, kuma a goye na kai shi kallon. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa tasu ɗaya da mai tsaron gidan. Da lokacin kwance ɗori ya yi, aka yi lallashi, aka yi faɗa, Sani ya ƙi taka ƙasa. "Shi ma bai tashi ba," abin da yake faɗa ke nan. Maɗorin ya gaya wa Inna cewa in bai fara takawa ba, ƙafar za ta sandare.

Ana cikin haka kawunmu direba ya tsinto wani tsohon littafin zane wurin masu gwanjo a Maraɗi, ga mai tsaron gidan a bangonsa. Rubutun na Japan ne, ba mai iya karantawa, sai muka bi hotuna. Na buɗe shi kamar yadda muke buɗe littafin lakol. Yaron yana cikin fili yana wasa, can ya koma dogara sanda, a shafin ƙarshe yana kwance a gadon likita. Sani ya juya fuska bango, ni kuwa na yi da-na-sanin buɗewa.

Kakanmu yana gindin iccen bedi yana gyaran igiya. Ya miƙo hannu: "Ke amarya, kawo in ga abin da ya sa abokin hwaɗana kuka." Shi da bai taɓa riƙe littafi ba sai na Larabci, hannunsa ya buɗe ta dama. Sai ga yaro a gado, ga shi da sanda, ga shi ya yar da ita, ga shi ya cafe ƙwallo. "To mine na kuka?" in ji Kaka. "Ai yaron ga warkewa ya yi." Washegari Sani ya dafa kafaɗata ya taka har bakin zaure.

Sai da na girma na san cewa ta dama ake karanta littattafan zane na Japan, kuma labarin ya fito a mujalla da littafi shekaru kafin ya shiga tele, balle ya iso gare mu. Yau ƴaƴan Sani suna kallon irinsa a salula, ba jira, ba fargaba, kowa shi kaɗai a lungunsa. Ina taya su murna, amma ina kewar tsakar gidan nan da hannun Kaka. Sani kuwa har gobe da ƙafar nan yake zuwa gona.