Gaisuwar Tsaye a Zauren Kalley

Shekarun baya can, lokacin da tutar mulkin kai ba ta ko koɗe ba a kan ma'aikatun unguwar Plateau, ni ne mai tsaron raga a wata ƙaramar ƙungiyar tamaula ta unguwarmu, Kalley. Na ce mai tsaron raga don a mutunta ni kawai. Gaskiyar magana abokina ne ke tsare ta, ni ina bayansa ina cin suna. Shi ɗan baya ne, dogo, ba ya da yawan magana, ba ya da fushi, amma in ya sa ƙafa a gaban ɗan gaba, sai mutum ya ji ƙwallon ta fita ransa. Ranar da ya bar ƙungiyarmu asirina ya tonu, ban daɗe ba na rataye takalma na je na zama akawu.

Mahaifinsa attajiri ne ɗan Damagaram, mai rumfar yadi kusa da babbar kasuwa. Mutum ne mai kirki da kyauta, amma in ya kafe a kan magana, ko raƙumi ba ya jan shi. Bai taɓa ganin dalilin da zai sa ɗan mutunci ya sa gajeren wando yana bin fata a bainar jama'a ba. Da wata ƙungiya ta Wagadugu ta nemi abokina, uban ya ce masa, "Wannan wasa sai ya cinye maka ƙafafu. Je ka, tunda ka fi ni sani." Haka ya tafi ba a sa masa albarka ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Daga Wagadugu ya wuce Kumasi, inda ya koyi wasa cikin ruwa da taɓo. Daga can Abidjan ta ɗauke shi. Labarinsa a bakin direbobin kamiyo masu jigilar kaya da fataken goro muke jin sa, kowa ya ƙara nasa gishiri. Sai muka ji ya haye Faransa, wani ƙaramin gari mai sanyi, ana biyan sa don ya hana mutane cin ƙwallo. Mu a Kalley muna ta alfahari kamar da ƙafafunmu ake yi. Uban kuwa ko sunan wasan ba a ambata a zaurensa.

Wata rana da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana, cikin babbar riga, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Da muka shiga ɗaki ya ja ƙafar wando. Gwiwarsa ta dama an tsaga ta an ɗinke, tabon kamar ɗinkin buhu. Ya ce wani ɗan gaba ne ya faɗo masa a kanta. Likitan da ya yi masa aiki ya gargaɗe shi kada ya lanƙwasa ta gaba ɗaya sai bayan damina, don in ɗinkin ciki ya tsinke, ya yi sallama da wasa har abada. Faransawa sun sallame shi, amma tsohuwar ƙungiyarsa ta Abidjan ta ce tana jiran sa, a zatonsu hutu ya zo.

"Kada kowa ya ji," in ji shi. "Ka san fataken goro. In maganar nan ta fita yau a Kalley, kafin Juma'a tana Abidjan. Kuma ka san abin da Baba ya faɗa ranar da zan tafi."

Washegari na raka shi gaisuwa. Uban yana zaune a zaure bisa buzu, abokansa dattawa sun kewaye shi. Muka tuɓe takalma. Ni na durƙusa kamar yadda aka saba. Abokina ya sunkuya iyakar sunkuyawa, kansa ƙasa, hannu a ƙirji, amma yana tsaye.

"Baba, ina kwana? Na same ku lafiya?"

Uban ya juyo gare ni, ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni aiki, har tsohon kekena sai da ya tambaya. Ɗansa da ya yi shekaru bai gani ba, ko kallo bai samu ba. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Ai haka Anasara ke gaida iyayensu, a tsaye kamar soja." Da za mu fita uban ya ce mini, "Ka gaya wa abokinka, a gidan nan ba a gaishe ni daga sama."

Kullum da safe sai ya je, kullum haka ake yi. Na yi ta matsa masa ya faɗi gaskiya, har ya gaji ya ce in je in gwada, amma a keɓe. Na sami tsohon shi kaɗai a rumfa, na durƙusa, na zayyana masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya sa hannu ƙarƙashin wani bandirin yadi ya zaro guntun jarida da wani direba ya kawo masa. Hoton ƙungiya ne, irin wanda ake ɗauka kafin a fara wasa, wasu a tsaye a baya, wasu a tsugune a gaba. Ga abokina nan a sahun gaba, ya tsuguna ɗas, wani Bature yana tsaye a kansa ya dafa masa kafaɗa.

"Wannan ce gwiwar da ba ta lanƙwasuwa?"

Na ce, "Baba, wannan tun kafin ciwon ne. Haka ake jera su don kowa ya fito a hoto."

"Ya tsuguna wa Anasara duniya ta gani, ni ne zai tsaya wa ƙiƙam? Kai ma ɗana ne, kada ka bari a aiko ka da ƙarya."

Na ce ya duba tabon da idonsa. Ya ce shi ba ya buɗe wandon ƙato don ya nemi girmansa a ciki. Na tashi na fita. A lokacin na gane ashe hoton nan ya daɗe yana ci masa rai, yana ɓoye da shi shi kaɗai.

Da za a bar mu, da damina ta wuce an huta. To, shekarar ce tsohon ya yi niyyar aikin hajji, ga shi jiki ya fara ƙi. A zamanin nan wanda ya tafi Makka da irin shekarunsa, ba a cika sa ran dawowarsa ba. Ana gobe zai tashi, gida ya cika da masu neman gafara, kowa ya zo ya durƙusa, a yafi juna.

A hanya abokina ya ce yau sai ya durƙusa. Na ce masa, "Ka yi haƙuri ka bari ya dawo."

Ya ce, "In bai dawo ba fa?"

Muka shiga. Ya tsaya gaban uban kamar kullum, sai na ga ya cije leɓe ya fara sauka. Na miƙa hannu, ya ture. Kafin gwiwar ta kai ƙasa na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ina jin ni kaɗai na san ma'anarta. Bai yi ko uhum ba.

"Baba, ka yafe mini."

Fuskar tsohon ta saki. Ya ɗora masa hannu a ka, ya yi ta addu'a, doguwa, irin wadda aka daɗe ana riƙe da ita. Dattawa suna amin. Gumi yana ɗiga daga haɓar abokina bisa tabarma.

"Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka duniya da lahira. Tashi."

Bai motsa ba.

"Tashi mana, ɗana, ai ya wuce."

"Baba, ba ni iyawa."

Tsohon da kansa ya sunkuya ya ja ƙafar wandon. Gwiwar ta riga ta kumbura, ga tabon nan ɓaro-ɓaro. Ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a gaban idona ba sai ranar. Mu muka ciccibi abokina zuwa asibiti. Uban ya tashi washegari, tunda an riga an gama shiri, kuma a can ƙasa mai tsarki aka binne shi.

Abidjan ba ta sake ganin abokina ba. Ƙafar ta sandare. Ya gaji rumfar yadin, yana zaune da ita a miƙe bisa wani akwati har ƙarshen ransa. Yara masu wucewa da ƙwallon tsumma ba su san wane ne ba. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce, "Da ya tafi da fushina, da wace ƙafa zan taka ƙasa?"

Shi ya sami kwanciyar ransa, ni ban samu ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Tsohon yana son ɗansa, ɗan yana son ubansa, kowa ya riƙe girmansa, ƙafa ta tafi a tsakani.

Yanzu ni ne tsohon da ake zuwa gaisarwa. In jikokina suka shigo za su durƙusa, sai in yi maza in cafke hannunsu. Ƴaƴana suna dariya, wai tsoho ya zama Anasara da tsufansa. Ban taɓa yi musu bayani ba. Ina dai riƙe da hannun, ba na saki sai na ga yaron ya miƙe a kan ƙafafunsa biyu.